Bugu Ɗaya da Jelani Ya Ƙara wa Kansa

Litinin, 9 ga Fabrairu, bayan la'asar, Aliero

Mun dawo da Malam daga asibiti. Abin da likita ya ja ni baranda ya gaya mani ba zan rubuta shi ba, kuma ban gaya wa Inno ba. Ta dube ni sau ɗaya lokacin da muke sauko da shi daga mota, ta wuce ta gyara masa shimfiɗa. Shi kuwa mahaifin namu, ƙafafu sun kumbura ko takalmi ba su shiga, amma abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ja wa ɗalibai karatu da ba ya nan.

Mun iske Labbo direba zaune a zaure. Ya kai albasa Ikko ya dawo da wasiƙa, kuma ta ƙanena ce, Jelani. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da gidan ga, tun ranar da wuta ta cinye rudun da muke ajiye albasa, ta haura ta cinye ɗakin littattafan kakanmu, Malam ya mare shi gaban jama'a ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa. Jelani ya rubuto cewa ya ji Malam ba lafiya. Ya ce mako mai zuwa zai shiga wata babbar gasar golf a Ikko tare da Turawan da wasan ne abincinsu, amma in Malam ya ce ya zo, ko yana tsakiyar fili zai aje sanda ya hau mota.

Golf kuma? Shekara tara ina koyar da 'ya'yan mutane a Jega Sabon Gari, ana ce mani Malam Almu mai Turanci, amma wallahi ban san mi ake yi da sandar ba.

Talata, 10 ga wata, da hantsi

Inno ta tsare ni sai na karanta wa Malam wasiƙar. Na karanta, ya juya fuska bango har na gama. Na ɗauka barci ya kwashe shi, sai ya yi magana bai juyo ba.

"Gobara ƙaddara ta. Littattahai sun tai, na haƙura da su tuni. Amma sau ukku na tambai yaron ga gaban mutane, ya duƙe kai ya yi mani shiru. Shekara goma sha ɗaya bai buɗe baki ya ce ni na, ku gahwarta mani ba. Wanda bai amsa laihinai ba, mi za a yahe mai?"

Inno ta ce to ko don ciwon ga, Malam. Ya ce ciwo bai sake hukunci. Ta fita tana share ido da gefen mayafi, ni kuma na fita na wanke babur ɗin da jiya na wanke.

Tsoro nike ji, tsoro sosai, kada Malam ya tafi da wannan magana a bakinsa.

Alhamis, 12 ga wata, bayan azahar, Jega

Na yi wa hedimasta tsawa gaban malamai a kan alli. Alli fa.

Asabar, 14 ga wata, bayan magariba

Jiya a kasuwar Jega Labbo ya ce in ina son sanin golf in tafi Maiyama in nemi Baba Sanusi. Yau na tafi. Tsoho ne siriri mai bakin tsiya, shekara ashirin da shida ya yi a Kaduna yana yankan ciyawa da ɗaukar wa Turawa jakar sanduna. Ashe shi ne ya tsinci Jelani a tasha cikin motar albasa, ya ji harshen gida a bakinsa, ya kai shi filin wasa ya sama masa ɗaukar jaka. Shekara huɗu da dawowar tsohon nan gida, yana nan kusa da ni, har wasiƙu suke yi da ƙanena, ni ban sani ba. Ko kuwa dai ban nema ba.

Na ce ya koya mani abin. Ya tona rami da diddige a tsakar gida, ya juya sandar dogarawarsa, ya aje goruba a ƙasa. Ya ce rami goma sha takwas ne, wani daga nan zuwa masallaci, wani har bakin kasuwa, mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana korar ƙwallo, kuma haka zai yi kwana huɗu a jere. Ana ƙirga kowane bugu, wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ya ci. Na ce ashe akwai inda rago ke zuwa na ɗaya? Ya miƙo mani sandar ya ce ga shi, ɗan boko, nuna mana ragwancin. Bugun farko na kwashi ƙasa, na biyu na kwashi iska, na uku gorubar ta tashi ta faɗa garken awakin maƙwabci. Ya ce uku ke nan, har wanda na bugi iska an rubuta mani.

Ya yi dariya har da tari, ni kuwa haushi ya kama ni, amma na kasa aje sandar. Sai da na yi goma sha ɗaya kafin gorubar banza ta shiga ramin da bai fi taku ashirin ba. Ya ce su Jelani da huɗu suke gama tazarar da ta ninka wannan sau ashirin, cikin itatuwa da ramukan yashi. Gefen kowane rami kuma yashi ne da anka kwaɓa da baƙin mai, akwai mutum na musamman da ke jan buhu a kai ya share sawu kafin a buga. Na ce manyan mutane da gemu suna wannan? Ya ce daga Ingila suke hawo jirgi don shi.

Bayan kwana biyu, in ji shi, ana sallamar rabin mutane su koma gida. Bana kuma Jelani ya rubuto masa cewa wani kamfani ya yi alkawari, duk ɗan ƙasa da ya shiga goman farko za a kai shi Turai ya yi wata shida yana wasa, tafiya mako biyu bayan gasa. Abin da yaron ke nema ke nan tun yana ɗaukar jaka.

Da zan tashi ya riƙe kan babur ya ce akwai abin da ke ba shi mamaki har yau. Shekara bakwai suna kwana ɗaki ɗaya, Jelani bai taɓa gaya masa abin da ya raba shi da gida ba. Ko ni na sani? Na ce magariba ta kawo kai kuma fitilar babur ba ta da kirki.

Lahadi, 15 ga wata, da la'asar, Aliero

Inno ba ta yi makaranta ba amma ta fi ni dabara. Ta shimfiɗa tabarma daidai ƙofar ɗakin Malam, ta zauna tana tsinkar zogale, ta ce in gaya mata wane irin aiki ne ɗanta ke yi, kuma in ɗaga murya kunnenta ya yi nauyi. Kunnen da ke jin motsin ɓera a rumbu. Na kwashe duk abin da Baba Sanusi ya faɗa na zuba mata, har da goruba.

Ina cikin bayanin kyauta sai murya ta fito daga ɗaki: "Caca ta?"

Na ce a'a, Malam, masu wasa ba su zuba komai, masu shirya gasa ke sa kyauta. Ya ce in haka ne to akwai magana, domin malamai sun halatta kyauta a tseren doki da harbin kibiya in wani na waje ya sa ta. Ƙwallo da rami dai bai taɓa cin karo da su ba a karatu. Ya ce akwai wani sharhi da hannun kakanmu da ya yi dogon bayani a kan wannan babi, da yana nan da an duba.

Inno ta ci gaba da zogalenta.

Ina shirin tashi ya sake tambaya, wai da gaske wanda ya fi ƙaranci shi ke ci? Na ce ƙwarai. Ya ce ikon Allah, ya maimaita sau biyu. Sa'an nan ya ce to wancan, shi nawa yake yi? Sunan dai bai kama ba. Na ce sai ran Alhamis za a fara.

Juma'a, 20 ga wata, da safe, Jega

Sai da na saurari labaran duniya kaf, da na Ikko, da wani dogon jawabi kan takin zamani, kafin a wutsiyar labarai a ce golf. Mai karantawa ya murɗe sunan kamar zai karya shi, amma Jelani ne. Sittin da tara, na shida a ranar farko. Na buga tebur har shayi ya zube.

Hedimasta ya ce sittin da tara ba laifi, ya wuce rabi, ya ƙara ƙoƙari ya kai tamanin. Na zaunar da shi na yi masa darasi kamar a filin aka yanke mani cibiya. Mun shirya, maganar alli ta wuce.

Bayan Juma'a na kai labari Aliero. Malam ya tambayi na Baturen da ke gaba, na ce sittin da shida. Na leƙa na gan shi yana matsar da 'ya'yan carbi uku gefe guda. Yau ko kunu bai gama rabin kofi ba.

Asabar, 21 ga wata, da hantsi

Saba'in da biyu. An sallami rabi, shi yana ciki, na tara. Kafin in sauka daga babur Malam ya aiko a tambaye ni nawa.

Lahadi, 22 ga wata, da hantsi

Saba'in jiya. Na takwas, saura yau kaɗai.

In ya tsaya cikin goman nan, mako biyu ya hau jirgi, sai bayan wata shida, kuma abin da likita ya gaya mani a baranda bai kai ko rabin haka ba. Da asuba bayan na sallame na kama kaina ina roƙon Allah ya bar shi cikin goman. Na tsaya na tambayi kaina, kai Almu, don wa kake wannan roƙo? Ba don Jelani ba ne. So nike ya yi nisa, Malam ya tafi, maganar ta bi shi kabari, ni in ci gaba da zama ɗan kirkin gida.

Bari in rubuta, na gaji. Ni na sha tabar da ta tayar da gobarar nan. Ina da shekara ashirin da ɗaya, ni ke ja wa Malam baƙi in yana tafsiri, saura kwana goma in tafi kwalejin horon malamai. Bayan azahar na laɓe bayan rudu na kunna, na ji takun Malam, na cusa guntun cikin kara na tsallake katanga. Jelani kuwa an taɓa kama shi da sigari sau ɗaya a tasha, don haka da anka tsinci kwalin sigarin bayan rudu ba wanda ya ko kalli inda nike. Ina tsaye bayan Malam da bokiti a hannu lokacin da ya tambaye shi sau uku. Ina tsaye lokacin da ya mare shi. Tun ran nan ban ƙara sa taba a bakina ba, kuma na riƙa ɗaukar wannan kamar wani abin kirki na yi.

Na rubuta, ban ji sauƙin komai ba.

Litinin, 23 ga wata, da safe

Wani Bature ya ci da ɗari biyu da saba'in da ɗaya. Jelani ɗari biyu da tamanin da uku, na goma sha biyu. Mutum biyu sunka yi kunnen doki a na goma da tamanin da biyu, da bugu ɗaya ya rage da yana tare da su. Turai ta kuɓuce.

Inno ta ce Allah sarki, ta shiga madafa, na ji ta tana hamdala a hankali. Malam ya ce bugu guda? Na ce guda. Ya ce a ina ya yar da shi? Na ce rediyo bai faɗa ba. Ya ce in bincika, kamar wanda aka ɓatar wa akuya.

Ni ban san abin da nike ji ba. Na yi masa baƙin ciki da gaske, kuma na san yanzu ba abin da zai hana shi dawowa gida.

Laraba, 25 ga wata, bayan magariba

Jiya jaridar Litinin ta iso Jega. Sau uku na karanta wurin. A rami na goma sha shida ƙwallon Jelani ta faɗa cikin doguwar ciyawa ƙarƙashin itatuwa. Ya aje kan sanda bayanta zai buga, ta motsa. Dokar wasan ta ce in haka ta faru a ƙara wa mutum bugu ɗaya. Ba wanda ya gani. Shi ya ɗaga hannu ya kira abokin karawarsa ya ce a rubuta masa.

Na karanta wa Malam, na fassara, ya ce bai gamsu da fassarata ba, in ɗauko masa mutumin Maiyama. Yau na goyo Baba Sanusi a babur tun daga can, yana zagin tuƙina a kowane rami. An tayar da Malam an jingina shi da matasai. Na ga idonsa ya dawo irin na da, irin na ranar da aka kawo masa rabon gado mai sarƙaƙiya.

Ya fara da tambayar wa ke rubuta wa mutum lissafinsa. Baba Sanusi ya ce abokin karawa, kowa na riƙe da katin ɗan'uwansa, in an gama kowa ya duba nasa ya sa hannu. To shi abokin ya gani? Bai gani ba, yana can ƙetaren fili. Alƙali fa? Babu alƙali a kan kowane mutum, filin ya fi gonakin ƙauyen Dangamaji faɗi. Mai ɗaukar masa jaka? Jarida ta ce ya ba da baya. 'Yan kallo? Suna bin Turawan da ke gaba. Malam ya ce nawa ta motsa? Baba Sanusi ya ce irin wannan motsi, shi da ya sha gani, bai wuce ƙwayar dawa ba, kuma ba ya ƙara wa mai bugu komai.

"In da ya yi shiru hwa?"

"Da yanzu yana wurin tela ana auna mai rigar sanyi, Malam."

"Ya san da haka sa'ad da ya ɗaga hannu?"

"Akwai babban allo, kowa na ganin lissahi. Ya sani sarai."

Malam ya tambaya ko duk masu wasan haka suke. Tsohon ya ce haka ake so, amma shi da idonsa ya ga manyan mutane masu mota suna tura ƙwallo da ƙafa in sun ga ba kowa sai mai ɗaukar jaka. Malam ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin asibiti. Ya ce su malamai a wurinsu iƙirarin mutum a kan kansa ya fi shaidu ƙarfi, bai san akwai Turawan da sunka gina wasa kacokan a kan wannan ba.

Sa'an nan ya kafa wa azara ido. Da ya yi magana ba da ni yake ba, ba da kowa ba, haka yake yi in mas'ala ta ƙi warwaruwa.

"Mutum ya kai ƙarar kainai kan ƙwallo, ba mai gani, ya san abin da za shi rasa. To mi ya hana shi amsa gobara shekara goma sha ɗaya?" Ya juya carbi. "Ko dai ba shi da abin amsawa na?"

Baba Sanusi ya juyo ya dube ni. Na ce ya kamata in mai da shi kafin duhu. Har munka kai Maiyama bai zagi tuƙina ko sau ɗaya ba.

Alhamis, 26 ga wata, azahar, Jega

Ban je Aliero ba.

Juma'a, 27 ga wata, la'asar

Ban je ba. Inno ta aiko Labbo. Malam ba ya riƙe ko ruwa, amma tun jiya yana kiran waɗanda sunka kashe wutar ran nan ɗaya bayan ɗaya, har Liman Sambo, yana tambayar kowa ina Jelani yake lokacin da hayaƙi ya tashi, wa ya tsinci kwalin, wa ya ga mi. Numfashi da ƙyar, yana bincike. Wai ya ce saura ni.

Asabar, 28 ga wata, bayan la'asar, Aliero

Na faɗa.

Na shiga na durƙusa, ban bari ya tambaya ba, don in ya tambaya ban amince da bakina ba. Na faɗa kamar yadda na rubuta, taba, kara, katanga, bokiti. Ban yi wa maganar ado ba. Na jira mari, wallahi da ya mare ni da na ji daɗi. Hannun bai ko motsa daga kan bargo ba.

Ya daɗe yana kallona kamar baƙo. Sa'an nan ya ce, "Kai ka zuba mani ruwa na wanke hannu bayan na mare shi."

Na ce ni ne, Malam.

Hawaye sunka gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, bai share ba. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da littattafan sunka ƙone. Na ce ya gafarta mani, ya ce ba wannan ke gabansa ba yanzu, lokaci ya yi masa kaɗan.

"Tai ka kirawo mani ɗana. Kuma kai za ka gaya mai, da bakinka."

Da na fito na iske Inno tsaye a ƙofa, ta ji komai. Ta kauce ta ba ni hanya ba ta ɗaga kai ba. An aiko mani da tuwo zaure kamar yadda ake aika wa baƙo.

Litinin, 2 ga Maris, bayan la'asar

Na karɓi lambar filin wasansu na Kaduna, inda Jelani ya koma aiki bayan gasa, wurin Baba Sanusi na tafi gidan waya a Birnin Kebbi. Awa biyu ina kan benci kafin layi ya shiga, sa'an nan aka tafi nemo shi cikin fili. Muryar da ta zo ta babban mutum ce, Hausar ma ta koma ta Kaduna. Ya ce Yaya Almu? Malam ne? Na ce yana da rai, kuma ya ce ka zo. Na ji ya ja numfashi. Na ce tsaya, akwai saura, na gaya masa.

Ina gamawa ya ce:

"Na sani, Yaya. Ina kan rumfar awaki ina shanya harawa, na ga lokacin da ka tsallake."

Na ce to mi ya hana ka faɗi?

"Na ɗauka kai za ka faɗa. Kwana shida na yi a tashar Jega ban hau mota ba, kullum ina cewa yau Yaya zai zo ya ce in komo gida. Ran na shida ka zo kasuwa sayen akwatin makaranta. Ka gan ni."

Ba faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan. Ya ce zai taso jibi in ya sami mai riƙe masa aiki, ya tambayi ko Inno na nan da ciwon gwiwarta. Na amsa, na aje waya, na fito na rasa inda na jingine babur.

Na gan shi kuwa. Yana zaune kan buhun albasa da rigar da ta sha hayaƙi, na juya akwatin ta wancan kafaɗa na wuce.

Alhamis, 5 ga Maris, kafin magariba

Ya iso bayan azahar da 'yar jaka ɗaya, ba sanduna. Ya fi ni tsawo yanzu, hannun hagunsa ya fi na dama haske saboda safar da suke sawa. Inno ta riƙe fuskarsa da hannu biyu tana ta kiran sunansa.

Malam ya ƙi a shigar masa da shi ɗaki. Ya sa anka naɗa masa rawani, mutum huɗu sunka ɗauko shi a tabarma zuwa zaure, ya sa anka kira Liman Sambo da dattawan unguwa da manyan ɗalibai. Ya ce gaban jama'a ya yi, gaban jama'a zai warware. Muryar ba ta fita sosai, sai da kowa ya matso.

"Jelani, na zalunce ka. Ba kai na ba. Ka yahe mani."

Jelani ya faɗi ya rungume ƙafafun nan masu kumburi yana cewa ya yafe, ya yafe duniya da lahira, Malam ya daina faɗin haka. Malam ya aza hannu a kansa ya bar shi nan, yana sa masa albarka a hankali. Dattawa na ta share ido. Abin da na kwana ashirin da biyar ina tsoron ba za a yi ba, an yi shi, ina kallo daga bakin ƙofa.

Can Liman Sambo ya gyara murya ya ce to in ba shi ba ne, Malam, wa ne?

Malam bai buɗe ido ba. Ya ce, "Mai shi na nan. Yana da baki."

Akwai iyayen ɗalibaina a ciki, akwai surukina. Na miƙe na ce ni ne, na faɗi yadda anka yi tun daga farko har tashar Jega.

Na gama. Malam bai dube ni ba, har yanzu da nike rubutun ga bai dube ni ba, kuma ban san ko kwanakin da sunka rage za su isa ba. Na tsaya nan tsaye na rasa inda zan sa kaina. Jelani ne ya share fuska da hannun riga, ya matsa gefe a kan tabarmar, ya bar mani wuri kusa da ƙafar Malam.